Zanen Aro da Madannan AZERTY: Yadda Na Koma i3

Aikina fassara ne. Ana kawo mini takardu da Faransanci in mayar da su Hausa, mafi yawansu bayanai ne na kiwon lafiya da na noma waɗanda za a karanta a gidajen rediyon karkara ko a raba wa masu wayar da kan jama'a, kuma duk wanda ya taɓa yin wannan sana'a ya san ba ta yiwuwa sai da tagogi biyu a buɗe a lokaci guda, ɗaya ta takardar asali, ɗaya ta rubutun da ake yi. Sau da yawa ma sai an ƙara ta uku, ta ƙamus. Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, na saye ta a nan Yamai cikin irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan masu su sun gama cin moriyarsu. RAM ɗinta giga 4 ne, allonta ƙarami ne mai awon 1366 da 768, madannanta kuwa na Faransa ne, wato AZERTY, kamar na kusan kowace kwamfuta da ke ofisoshin ƙasar nan.

A kan wannan ƙaramin allo, GNOME, wanda shi ne muhallin aikin da na girka tare da Debian 12, wani nau'in Linux, yana yin abin da aka gina shi ya yi, ba ni kuma da ƙorafi a kansa. Matsalar tawa ce da ta na'urata. Duk lokacin da na buɗe takardar asali sai ta hau kan rubutuna, in kama gefenta da linzami in ja, in matsa ɗayar, in daidaita su, sannan wani saƙo ya shigo in buɗe burauza, komai ya sake rikicewa. GNOME yana da dabarar manna taga a rabin allo na dama ko na hagu, na kuma daɗe ina amfani da ita, amma da zarar taga ta uku ta shigo sai dabarar ta ƙare, in koma jan gefuna kamar mai gyaran tabarma a kan iska.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni a ƙetaren kogi, yakan zo gidanmu ranar Lahadi ya ci abinci ya yi cajin na'urorinsa. Wata Lahadi ya tsaya a bayana yana kallon yadda nake fama, can sai ya ce, "Kawu, wannan jan tagogi da kake yi aikin na'ura ne, ita ya kamata ta yi maka." Ya buɗe tasa kwamfutar ya ajiye kusa da tawa. Babu hoto ko ɗaya a fuskarta, babu jerin gumakan da ake dannawa, sai wani siririn layi a ƙasa. Ya danna maɓallai biyu, taga ta cika allo. Ya sake dannawa, allon ya rabu biyu daidai wa daida. Ya ƙara, ya rabu uku, babu wadda ta hau kan ƴar'uwarta, hannunsa kuma bai taɓa linzami ba. Ya ce mini sunan abin i3.

Wanda ya saba da Windows ko da kwamfutocin Apple ba lallai ya taɓa jin cewa akwai wata manhaja ta daban da aikinta kawai kula da tagogi ba, domin a can an haɗa komai an kulle, ba a ba mutum zaɓi. A Linux kuwa sassan a rabe suke, kuma wannan rabuwa tsohuwa ce. Tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, wanda kuma fitowarsa ta 11 ta 1987 ita ce har yanzu ake kira X11, aikinsa shi ne ya zana abin da manhajoji suka ce a zana, ya kuma kai musu labarin abin da aka danna. Da gangan masu gina shi suka ƙi ɗora masa hukuncin inda taga za ta zauna, da faɗinta, da kamannin bakinta, da wadda za ta karɓi rubutu idan an danna harafi. Wannan hukunci suka bar wa wata manhaja ta daban, wadda ni nake kira mai tsara tagogi. Idan X shi ne filin kasuwa, manhajoji kuma su ne ƴan kasuwa, to mai tsara tagogi shi ne sarkin kasuwar da ke raba rumfuna, kuma ana iya sauke shi a naɗa wani ba tare da an tashi kasuwar ba.

Kowane babban muhallin aiki yana da nasa a ciki. Na GNOME sunansa Mutter, na KDE sunansa KWin, na Xfce kuma xfwm4. Duk waɗannan na gargajiya ne, masu barin tagogi su hau kan juna kamar takardu a kan tebur. Ɗaya nau'in, wanda i3 ke cikinsa, yana jera su ne gefe da gefe kamar yadda magini ke shimfiɗa karo a ɗaki, ba ya barin ko kaɗan na allon ya tafi a banza. Ba i3 kaɗai ne a wannan gida ba. Akwai dwm, wanda idan ana son canza masa ko da launi ne sai an gyara rubutunsa na harshen C an sake harhaɗa shi. Akwai awesome na Bafaranshe Julien Danjou, wanda ake saita shi da harshen Lua, akwai kuma xmonad da ake saitawa da Haskell. Ni ba mai rubuta manhaja ba ne, mai fassara ne, saboda haka abin da ya ja ni zuwa i3, wanda Bajamushe Michael Stapelberg ya fara a 2009, shi ne cewa duk saitinsa yana cikin fayil guda na rubutu zalla, kowane layi umarni ɗaya, wanda ko ni nake iya karantawa in fahimta.

Girka shi bai ci mini forfe ba, ƴan megabait ne kawai, kuma a Debian umarni ɗaya ya wadatar, wato sudo apt install i3, wanda ke kawo shi tare da ƴan rakiyarsa: i3status mai cika siririn layin nan na ƙasa, i3lock mai kulle allo, da dmenu da ake kiran manhajoji da shi ta hanyar rubuta sunansu. Ba a kuma cire GNOME. A shafin da ake sa kalmar sirri akwai wata ƴar alama a kusurwa, nan mutum ke zaɓar wanda zai shiga, kuma idan ya ga ba zai iya ba sai ya fita ya koma gidansa na da. Wannan ne ya ba ni ƙarfin guiwar gwadawa.

A shigar farko i3 yakan yi tambaya biyu: ko ana son ya rubuta fayil ɗin saiti, da kuma wane maɓalli zai zama jagora, wato wanda ake riƙewa tare da wani domin ba i3 umarni, Alt ko kuwa mai tambarin Windows. Na zaɓi na biyun, domin Alt yana da ayyuka da yawa a cikin manhajojin rubutu, kuma ba na son su yi karo. Da na tsaya a nan na yi haƙuri da abin da ya rubuta mini, da na huta. Amma a daren nan na ga hoton allon wani bawan Allah a intanet, an ƙawata shi da launuka masu sanyi da ƴan tazara tsakanin tagogi, ga kuma fayil ɗin saitinsa ya sa don kowa ya ɗauka. Na kwafe shi ɗungurungum na ɗora a kan nawa, na danna jagora da Shift da r domin i3 ya sake tashi, na zauna ina jin daɗin kyan abin.

Washegari da safe na buɗe takardar da zan fassara, na so in koma fage na biyu in buɗe ƙamus. A i3 allo yana da fagage har goma a saitin farko, kowanne da lambarsa, kuma ana zuwa kowanne ne da jagora haɗe da lambar. Na danna jagora da maɓallin da aka rubuta 2 a kansa, babu abin da ya motsa. Na sake, shiru. Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi tun ina ɗalibi, domin a madannan AZERTY layin sama ba lambobi yake bayarwa kai tsaye ba, alamomi ne da haruffan Faransanci irin su é da è da ç da à, sai an riƙe Shift kafin lamba ta fito. Na riƙe Shift ɗin na danna, sai takardar tawa ta ɓace daga gabana gaba ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne, jagora da Shift da lamba umarni ne na daban, ma'anarsa a ɗauki wannan taga a jefa ta wancan fage. Na buɗe wata, na sake gwadawa da 3, ita ma ta tafi. Cikin minti biyar na watsa tagogina a fagage huɗu, ina iya tura su amma ba na iya bin su, sai dai in kama linzamin da na zo gudu in danna lambar a layin ƙasa.

Na kira ɗan yayata a waya ina faɗa, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni cikin ladabi, "Kawu, fayil ɗin da i3 ya rubuta maka ne kake amfani da shi, ko na wani ka ɗauko?" Na yi shiru. Ya ce, "To ai mai shi QWERTY gare shi." Nan na gane inda gizo ke saƙa. Shirin da ke yin tambayoyin farko yana duba irin madannan da ke gabansa ne ya rubuta sunayen maɓallan yadda suka dace da su, ni kuwa na share aikinsa na ɗora na wani mutum da ke zaune a wata ƙasa da madannan QWERTY, irin na Ingilishi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Gyaran bai da wuya da zarar an san ciwon: a layukan zuwa fage, inda aka rubuta 1 sai a sa sunan alamar da maɓallin ke bayarwa, ampersand, inda aka rubuta 2 a sa eacute, haka har zuwa agrave a fage na goma. Akwai ma hanyar da ta fi wannan, ita ce a yi amfani da bindcode maimakon bindsym, wato a kira maɓalli da lambar matsayinsa a jikin na'ura, ta yadda ko an canza harshen madannai yana nan inda yake. Layin lambobi yana farawa ne daga 10 zuwa 19, kuma shi na bi daga baya.

Tun daga ranar na goge fayil ɗin aron na dawo da nawa, na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan ƙara layi ko ɗaya ba sai na san abin da yake yi.

Ciwo na biyu ya fi taɓa ni, domin ya shafi abincina. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, mu kuma a Nijar muna da na huɗu, ƴ, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta y da ɗigon waƙafi a gabanta. Mai fassarar da ya rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa", ko "bari" inda yake nufin "ɓari", ya jefa mai karanta labarai a rediyo cikin rami. A GNOME na daɗe da ƙara tsarin madannan Hausa a cikin saitinsa, ina sauyawa tsakaninsa da na Faransanci da maɓallai biyu. Da na shiga i3 sai na tarar babu shi, domin GNOME a cikin kundinsa yake ajiye wannan zaɓi, kuma ba ya bin mutum idan ya fita. Kwana biyu na yi ina rubuta lambar kowane harafi a LibreOffice, 0253 domin ɓ, 0257 domin ɗ, 0199 domin ƙ, 01B4 domin ƴ, in danna Alt da x ta rikiɗe ta zama harafin. Wanda ya san yawan "ɗaya" da "ƙasa" da "ƴan" da ke cikin shafi guda na Hausa zai tausaya mini.

Ina iya dawo da tsarin Hausar da umarnin setxkbmap, amma da na tsaya na yi tunani sai na ga dama can ban taɓa jin daɗinsa ba. An gina shi ne a kan QWERTY, saboda haka duk lokacin da na sauya zuwa gare shi sai a da q su yi musayar wuri, w da z su yi haka, m ta ƙaura, yatsuna kuma su yi ta tuntuɓe. Shekaru na haƙura da wannan saboda shi na tarar a jerin zaɓi, ban san akwai wata ƙofa ba. Ƙofar ita ce maɓallin haɗa haruffa, wanda X ke da shi tun da daɗewa. Na sadaukar da Caps Lock, wanda dama ba ya yi mini komai sai ɓarna, na mayar da shi wannan maɓalli da layi ɗaya a fayil ɗin i3, sannan na buɗe wani ƙaramin fayil mai suna .XCompose a jakar asusuna na rubuta layi takwas, huɗu na ƙananan haruffa, huɗu na manya. Yanzu idan na taɓa Caps Lock na danna k sau biyu sai ƙ ta fito, d sau biyu ɗ ta fito, ba tare da na bar AZERTY ba, kuma é da ç suna nan inda suke idan na koma Faransanci a tsakiyar jimla. A duk abin da wannan ƙaura ta kawo mini, wannan ne na fi ƙauna, alhali ba ma aikin i3 ba ne. Abin da i3 ya yi kawai shi ne ya janye abin da nake jingina da shi har na tashi na nemi wanda ya fi.

Daga nan na fara gane yawan barorin da ke yi mini hidima a GNOME ba tare da na taɓa ganin fuskarsu ba. Mai tsara tagogi tagogi kawai yake tsarawa. Na sa kile, wato filashin USB, a jikin na'ura, babu abin da ya buɗe, sai da na girka udiskie. Maɓallan ƙara haske da rage shi suka mutu, sai da na ɗaura su a kan brightnessctl. Hoton bango sai da feh. Taɓa faifan linzami da yatsa ya daina zama dannawa sai da na gyara saitinsa. Haɗa waya domin raba intanet ya bukaci in tabbatar nm-applet yana tashi tare da i3. Kowannensu aikin minti goma ne idan an san sunan abin da ake nema, sanin sunan ne ke cin yini, ga shi kuma littafin jagorar i3, duk da kyansa da tsabtarsa, da Ingilishi aka rubuta shi, ni kuwa Ingilishina na kasuwa ne. Tattaunawar masu amfani da Linux da Faransanci ita ta fi cetona.

Baran da rashinsa ya fi yi mini tsada shi ne mai gargaɗin batir. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa da rana tsaka. Ina kan wata fassara ta gaggawa a kan zazzaɓin cizon sauro, na danna jagora da f domin rubutun ya cika allo, wanda hakan ke rufe layin ƙasa inda i3status ke nuna yawan cajin da ya rage. An ɗauke wuta ban lura ba, domin fankar ɗakin dama a kashe take saboda takardun da ke kan tebur. A GNOME da tuni wani saƙo ya faɗo ya ce mini batir ya kusa ƙarewa. A nan kuwa lambar ta yi ja a bayan labule, babu mai gani, har allon ya yi baƙi a tsakiyar kalma. Da wuta ta dawo bayan la'asar LibreOffice ya ceto mini abin da ya ajiye da kansa, amma sakin layi uku na ƙarshe, waɗanda na fi shan wahalar nemo wa kalmomi, sun tafi. Wanda ya rubuta fayil ɗin aron nan da na fara ɗauka bai sa komai a kan batir ba, kuma ban ga laifinsa ba, wataƙila bai taɓa zama a garin da wuta ke tafiya ba sallama ba. A daren na girka xfce4-power-manager, na sa shi ya tashi tare da i3, ya yi mini gargaɗi, ya kuma kwantar da na'urar da kansa idan cajin ya kai ƙasa.

Shi kansa layin ƙasan na sake masa tsari bisa ga abin da ke damun mai aiki a nan. Na cire abubuwan da ba su shafe ni ba, na bar caji, da ƙarfin intanet, da kwanan wata, na ƙara zafin injin. Wannan na ƙarshe ya nuna mini abin da ban sani ba, cewa kwamfutar tana dafuwa tun kafin azahar ko da rubutu kawai nake yi. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, ya buɗe ta a gabana ya busa, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta tashi har ya kau da fuska, ya ce, "Malam, wannan ai gona ka kawo mini." Bayan nan lambar ta sauka, ƙarar fankar ciki ma ta ragu.

Masu yabon i3 sukan ce yana sa tsohuwar kwamfuta ta koma yarinya, kuma a nan ina da ja. Gaskiya ne idan an shiga babu komai a buɗe, abin da yake riƙewa na RAM kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da cikakken muhallin aiki, kuma a na'ura mai giga 4 ana jin bambancin, musamman wajen tashi. Amma da zarar na buɗe Firefox da shafuka goma sha, na ƙara LibreOffice da takardar PDF mai hotuna, nauyin yana dawowa, domin dama su ne masu cin abincin. Wanda zai yi ƙaura don sauri kawai, ina ganin Xfce zai ba shi mafi yawan abin da yake nema ba tare da ya rasa barorinsa ba.

Ribar da na samu ta wani fanni ce, ita ce kowane aiki ya sami mazauninsa. Fage na 1 na fassara ne, takardar asali a hagu, rubutuna a dama, kuma na rage faɗin ta hagun kaɗan da yanayin gyaran girma da ake shiga da jagora da r. Fage na 2 na ƙamus ne da burauza, waɗanda na jera a matsayin shafuka masu kai ɗaya da jagora da w, domin allon ba zai ɗauki raba su ba. Fage na 3 na saƙonni ne, kuma da umarnin assign na ce wa i3 duk lokacin da manhajar wasiƙu ta buɗe ya kai ta can kai tsaye, kada ta faɗo mini a kan aiki. Bayan mako uku na daina tunanin inda abu yake, yatsuna ne ke zuwa, kamar yadda mace ke miƙa hannu ta ɗauko gishiri a madafinta ba tare da ta duba ba. Ƙananan tagogi irin na ajiye fayil ko na tambayar kalmar sirri i3 yakan bar su su yi yawo a sama yadda aka saba, wadda kuma ya matse bisa kuskure ana sakinta da jagora da Shift da maɓallin tazara.

Akwai inda har yanzu nake jin kunya. A wani taron bita da aka gayyace ni a Tawa, na haɗa majigi da kwamfutar a gaban mutane kusan cike da zaure, bango ya tsaya fari fat, domin i3 ba ya kunna allo na biyu da kansa, sai an gaya wa xrandr, umarnin da ke saita allo. Na buɗe tagar umarni ina rubutu, wani dattijo a sahun gaba ya ce da na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji, "Mushen nan dai na'urarsa ba ta da lafiya." Na samu ya fito bayan ƴan mintuna, kuma tun daga nan na girka arandr, mai yin aikin xrandr da linzami, na ajiye saitin majigi a kan maɓalli guda. Haka kuma a gida, ƴata ta buɗe kwamfutar za ta yi aikin lakwal, ta tarar da baƙin allo babu abin dannawa, ta zo ta same ni a tsakar gida ta ce, "Baba, kwamfutarka ta mutu." Na buɗe mata nata asusun, wanda ke shiga GNOME kai tsaye, kowa ya kama gabansa.

Wani abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, da na bar GNOME na koma i3, ashe baya na koma ta wani ɓangaren. GNOME a Debian yana tafiya ne a kan Wayland, sabon tsarin da Kristian Høgsberg ya fara a 2008 domin ya gaji X, i3 kuwa X11 kaɗai ya sani. A Wayland babu wannan rabuwa ta filin kasuwa da sarkin kasuwa, manhaja guda ce ke riƙe duka biyun, kuma manyan muhallan aiki duk can suka nufa. Magajin i3 a wancan gida shi ne Sway, wanda Drew DeVault ya fara, wanda fitowarsa ta 1.0 ta zo a 2019, an kuma gina shi ne domin ya karanta fayil ɗin saitin i3 kusan yadda yake. Ɗan yayata tuni ya ƙaura, yana ta zuga ni.

Na gwada shi wata Lahadi da yamma yana zaune kusa da ni. Fagagena sun fito yadda na tsara su, maɓallan bindcode sun yi aiki, amma setxkbmap da xrandr da feh duk na X ne, a Sway sai an sake faɗar madannai da allo da hoton bango da nasa kalmomin, a cikin sassan input da output na fayil ɗin. Na buɗe takarda na taɓa Caps Lock na danna k sau biyu, sai ga manyan K biyu sun tsaya suna kallona. Ya ce, "Kawu, layi uku ne kawai, bari in rubuta maka." Na ce masa ya bari, ni zan rubuta da hannuna idan na karanta na gane, amma ba wannan makon ba, domin akwai shafi arba'in a kan ajiyar hatsi da ake jira in miƙa ranar Alhamis. Na fita na koma i3, shi kuma ya tafi cire wayarsa daga caji.